Ruwan Asabar

Kwana biyu da rasuwar Baffa aka yi dariya a wurin zaman makokinsa, dariya ta gaske, har liman ya sa hannun riga yana share ido. Wani dattijo ne ya zo gaisuwa daga Madobi, tsohon abokin cinikin albasarsa. Ya jingine babur, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin tabarma, aka yi addu'a aka shafa. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya da “ya haƙuri”, sannan ya juya wajen Baba Ƙarami, ƙanen marigayin, ya ce, “Tun jiya na so zuwa, wallahi ban samu lokaci ba.”

Sai wani daga can ƙarshen tabarma ya ce a hankali, yana kwaikwayon muryar Baffa, “Faɗa daidai.”

Shi ke nan, kowa ya fashe. Baƙon da kansa ya dafe kai ya ce, “Af, na manta ƙofar gidan da nake. To, na fi son in ga an loda albasata a mota a kan in zo jiya. Allah ya yafe mini, shi ma ya yafe mini.” Aka ce amin. Daga nan dariyar ta rikiɗe ta koma hawaye a idon wasu. Wani tsohon Bafulatani da ke zaune a gefe, wanda tun ranar jana'iza bai koma ruga ba, ya ja rawani ya rufe fuskarsa.

Ni ban yi dariyar ba. Ina zaune a gefen tabarma kamar baƙo, ni da aka rena a gidan. Duk wanda ke rumfar ya san Baffa ya kira ni a waya ranar Juma'a da yamma, kuma ya san ban zo ba. Ya cika ranar Asabar da hantsi, aka kai shi bayan azahar, ni kuwa na iso daidai lokacin da mutane ke dawowa daga maƙabarta suna karkaɗe ƙasa daga ƙafafunsu. Ba wanda ya ce mini komai sai Gwaggo, ƙanwar Baffa, wadda magana ba ta kwana a cikinta. Da na shiga gaishe ta, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Daga Kumbotso zuwa nan, ko a ƙafa ne ai da ka iso. Da bakinsa ya kira ka.” Abin da ke cina ke nan kuwa: ko mutumin da ya rene ni ya tafi yana jin haushina.

Na ɗauki biro ne saboda tsoron da nake ji. Nan da shekara kaɗan yaran garinmu za su riƙa cewa “faɗa daidai” suna dariya, ba su san bakin da ya fara faɗa ba. Ina son su san shi.

Baffa yayan mahaifina ne. Ina ɗan shekara biyar mahaifina ya rasu, ya ɗauko ni ya haɗa da ’ya’yansa, kuma har na yi aure ban taɓa jin ya ce “ɗan ƙanena” ba. Dogo ne siriri, mai wuyar ƙiba, da hula ɗaya da ta ga damina da yawa. Gonarsa tana kan ƙaramin kanal na ruwan noman rani tsakanin Kura da Bunkure, can kusa da ƙarshen layi, inda ruwa yake isowa a gajiye. Ruwan layinmu Litinin da Alhamis ake sakinsa, tun ina yaro har yau, daga hantsi zuwa la'asar. In an rufe, an rufe. Ko kai wane ne, sai ka jira.

Duk wanda ya ga Baffa yana ban ruwa sai ya ɗauka malalaci ne. Maƙwabta suna ta gudu daga wannan kunya zuwa waccan, suna buɗe wa kowane fangali ruwa a lokaci guda, laka har gwiwa, suna ɗaga murya da na sama da su. Shi kuwa tun kafin ruwa ya iso ya riga ya zaga gonar hannu a baya, yana danna ƙasa da babban yatsan ƙafa. Nan yake yanke shawara. Ruwa na zuwa sai ya cusa bututun roba a kanal, ya toshe bakinsa da tafin hannu, ya ja shi ya tsallakar da shi kan gaɓa, ruwa ya kama gudu. Fangali uku ko huɗu yake buɗe wa, ya tsaya a kansu har su sha su ƙoshi, sannan ya matsa gaba. In zafi ya yi tsanani ruwa bai isa ba, akwai waɗanda zai bari da gangan, kuma zai nuna maka su tun da safe. Yakan ce, “Wanda ya buɗe wa kowa bai shayar da kowa ba. Fuska kawai ya wanke musu.”

Daga bakin kanal ɗin nan ya ɗauko dokar da ya kafa a gidansa. Kana iya cewa ka manta. Kana iya cewa ka gaji, ko ba ka so. Amma ba ka isa ka ce “ba ni da lokaci” ba. Dalilinsa shi ne, rana ɗaya ake sakar wa kowa, daga asuba zuwa magariba, kuma ba a taɓa rage wa wani awa ɗaya don ba shi da kowa a ofis ba. “Ruwan ya zo maka,” in ji shi. “Ka faɗa mini fangalin da ka buɗe wa.” In kalmar ta suɓuce maka, ba ya faɗa, ba ya duka. Zai ajiye abin da ke hannunsa ne ya ce, “Faɗa daidai,” ya zuba maka ido.

Da duka ne da ya fi sauƙi. Na tuna ranar da na bar ragonsa da ƙishi har yamma. Sai da ya sa na tsaya a tsakar gida, a gaban Inna matarsa da dukan yara, na ce, “Na fi son ƙwallo a kan in ba rago ruwa.” Maganar ta fito da ɗaci kamar na tauna ganyen darbejiya. Ya ce, “To madalla, yanzu mun san inda muke.” Ni kuwa ban sake barin ragon nan da ƙishi ba har Sallah ta raba mu.

Dokar ba ta bar mai ita ba. Wata shekara rufin madafi yana yoyo, Inna ta yi magana tun kafin girgije ya fara taruwa, ya ce za a duba. Ruwan farko ya sauka a cikin tukunyar tuwo. Ta fito da muciya a hannu ta ce, “Malam, ina maganar rufin nan?” Ya ce, “Ai kin gani, kwanan nan ban samu...” Sai ya tsaya. Inna ta jingina muciyar da bango, ta naɗe hannu ta ce, “Faɗa daidai, Malam.” Muka laɓe a bayan rumbu muna toshe baki. Ya yi gyaran murya ya ce, “Na fi son hira da Bafulatani a gindin mangwaro a kan ki yi girki a bushe.” A ranar ya hau rufin, da hularsa da komai.

Kada wani ya ɗauka zama da shi daɗi ne kullum. Mutumin da ba ya fakewa da rashin lokaci dole ya riƙa faɗa wa mutane abin da ba sa son ji. In ka kawo masa goron gayyata, ba zai ce “sai mun zo” kamar kowa ba. Ko ya ce zai zo, ko ya ce, “Allah ya sanya alheri, amma ranar na fi son in kwanta in huta.” Gwaggo ta yi wata guda ba ta shiga gidan ba saboda ya faɗa wa surukinta haka a gaban jama'a. Manoman layinmu sun taru sau biyu suna roƙonsa ya shugabanci ƙungiyarsu, ya ce taura biyu ba ta taunuwa, shi jikokinsa ya zaɓa. Suka ce girman kai ne. Amma mutumin nan da ba ya zuwa cin shinkafar biki, ba a taɓa kwantar da wani a garin nan an kwana biyu bai je dubiya ba. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci akwai ɗan uwa ɗaya da zai nufa, ko da a Dawakin Kudu yake, ya zauna da shi har la'asar ba ya duban hanya.

A kusurwar gonarsa akwai wani fili a gindin mangwaro, mai kyau, kusa da ruwa, wanda ya ƙi nomawa. Tabarma yake shimfiɗawa. Masu wucewa suna tsokanarsa, “Malam, wannan fangalin me aka shuka?” Sai ya ce, “Ku.” Su kuwa sai su zauna.

Rigimarsa da Baba Ƙarami ita ce babbar rigimar da na sani a gidanmu, kuma a kan wannan hali nasa aka yi ta. A lokacin gonar gado ce, ba a raba ba, su biyu suke nomawa. Wata Alhamis cikin tsakiyar zafi, tumatir yana fure, ruwan Litinin bai iso ƙarshen layi ba, saboda haka gonar tana neman ruwa kamar me. Baba Ƙarami ya tafi kasuwa da kwandunan farko, ya bar wa yayansa ban ruwa. Ruwa ya iso ke nan, Baffa ya kafa bututu biyu, sai ga Bafulatanin nan da ya rufe fuska a wurin makoki a guje, maciji ya sari ’yarsa a bakin ruga. Baffa ya zare bututun don kada ruwa ya ɓalle ya ci kunya, ya ɗauki yarinyar a babur zuwa asibiti a Kura. Bai tsaya nan ba. Uban ba ya jin Hausar likitoci, sai Baffa ya zauna da su har yarinyar ta buɗe ido. Kafin ya dawo an rufe ruwa. Zuwa Litinin furen ya zube, ƙasa ta tsattsage.

Baba Ƙarami ya zo gidan yana huci. A zaure suka haɗu, muna jin su daga ciki.

“Yaya, gonar nan taka ce kai kaɗai?”

“Ba tawa ce ni kaɗai ba.”

“Ka kai ta asibiti, na ji, ba wanda zai hana ka. Me ya hana ka dawowa? Kai ne likitan? Ka ce mini ba yadda za ka yi, in haƙura.”

Ƙofa ce ya buɗe masa, kuma kowa a duniya zai bi ta ya wuce. Baffa ya ƙi. Ya ce, “Akwai yadda zan yi. Da na ajiye su na juyo, da na tarar da ruwa. Na tsaya na duba, na zaɓi zama da su. Kuma na zaɓa da rabonka ban tambaye ka ba. Wannan ɗin laifina ne.”

Gaskiyar ta fi ƙarya ƙona Baba Ƙarami. Ya ce to a raba gonar, kowa ya yi kyauta da nasa. Aka kira dattawa aka ja igiya. Shekara guda gaisuwa kaɗai ke haɗa su, ita ma a tsaye. Abin da Baffa ya yi shi ne, duk Litinin da Alhamis sai ya riga kowa zuwa, in ruwa ya iso ya fara buɗe wa gonar ƙanensa, sai ta sha sannan ya koma tasa. Bai taɓa cewa ga abin da nake yi ba. Baba Ƙarami yakan zo ya tarar da ƙasarsa a jiƙe, ya ɗaure fuska ya kama wani aikin. Ran nan dai ya kasa daurewa, ya tsallako igiyar ya ce, “Yaya, albasarka za ta mutu fa.” Baffa ya ce, “Na sani. Na duba, na ga na fi son ƙanena.” Sai Baba Ƙarami ya ɗauki bututu biyu ya nufi albasar yana gunaguni. Yarinyar da maciji ya sara kuwa, ita ce ta zo makoki da ƙwaryar nono a ka da ’ya’ya uku a bayanta.

To, duk wannan tarbiyya, sai Allah ya yi ni tela. Baffa ya yi dariya ranar da na faɗa masa, ya ce, “Cikin duk sana'o'in duniya, sai wadda aka gina a kan gobe?” Daga ranar sunana ya ɓace a bakinsa, na koma Tela, in kuma yana jin tsokana, Sarkin Gobe. Na buɗe shago a Kumbotso, Allah ya sa albarka, aiki ya yi yawa. Da aiki ya yi yawa sai bakina ya koyi abin da aka hana shi. Ina faɗa wa masu kaya, ina faɗa wa maiɗakina, ina faɗa wa ’ya’yana. Garinmu da bai kai tafiyar awa guda ba ya koma sai Sallah. In zan je, a mota nake wanke bakina, don na san inda zan shiga.

Sau ɗaya Baffa ya taɓa zuwa shagona. Ya zo ganin likitan ido a birni, ya biyo. Na ba shi kujera, ya zauna yana kallo. Mutum huɗu suka zo karɓar ɗinki, huɗun na ce musu gobe. Can sai ga babbar ’yata ta dawo daga Islamiyya, a lokacin tana ’yar shekara goma sha ɗaya. Ta durƙusa ta gaida kakanta, ya tsokane ta, sannan ta matso kusa da keke ta ce, “Baba, an ƙara mana sabuwar sura, in karanta maka?” Ban ɗago kai ba na ce, “Anjima.” Ta ce to. Ba ta yi fushi ba, ba ta ma yi mamaki ba, ta juya ta tafi kamar wadda ta san amsar tun daga gida.

Da Baffa ya tashi tafiya na raka shi tasha. Ya sa ƙafa ɗaya a mota, sannan ya juyo ya ce, “Tela, ka san fangalin da ya fi mutuwa da ƙishi a gona?”

Na ce, “Na ƙarshen layi mana, Baffa.”

“A'a. Na bakin kanal. Kullum manomi yana cewa ai wannan a kusa yake, bari in gama da na nesa. Kafin ya waiwayo an rufe ruwa.”

Na gane abin da yake nufi sarai. Na ce in sha Allahu za a gyara, na koma shago na ci gaba da taka keke. Shekara uku suka wuce a haka. Yarinyar ta daina cewa in saurari karatunta. Aka yi musabaƙa a makarantarsu ta zo ta biyu, ban je ba. Aka yi taron iyaye, na tura uwarta. Da aka sa ranar saukarsu ta Alƙur'ani, ba ni ta faɗa wa ba. A bakin uwarta na ji, ita ma a kaikaice, tana cewa in da hali a ɗinka mata hijabi. Ranar nan na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Na ɗinka hijabin da hannuna, na rantse a raina zan je, zan zauna tun daga buɗe taro har rufewa, ko da shagon zai kama da wuta.

Saukar ranar Asabar ce. Ranar Juma'a bayan la'asar, ina goge hijabin, waya ta yi ƙara. Baffa ne. Ya kwana biyu ba ya jin daɗi, ƙafafunsa sun kumbura, na sani, kuma sati uku ina cewa zan leƙa. Muryarsa ta yi ƙasa amma tsokanar tana nan.

“Sarkin Gobe.”

“Na'am, Baffa. Ya jiki?”

“Jiki ya tsufa. Ka ji, gobe akwai ban ruwa. Akwai fangalin da ya daɗe bai sha ba, ni kuma ƙafafun nan sun ƙi. Za ka zo?”

Baffa bai taɓa roƙona komai ba tunda nake. Na dubi hijabin, na dubi wayar. Bakina ya riga ni, na ji ina cewa, “Wallahi Baffa, gobe ba ni da...” Sai na cije.

Ya ce, “Faɗa daidai.”

Da na ce aiki ne, da ya fi mini sauƙi. Da na ce gani nan tafe, da ya fi sauƙi ma, don yarinya ce, za ta ce to kamar kullum. Ya ce, “Kana ji na?” Na ce, “Baffa, gobe saukar jikarka ce. Na zaɓe ta a kanka. Lahadi da sassafe ina nan tafe.”

Ya ce, “To.” Sai na ji kamar tari ya sarƙe shi, wayar ta katse. Kalmarsa ta ƙarshe gare ni ke nan a duniya, “to”, kuma na juya ta a raina sau dubu ban gane ko ta yarda ce ko ta ɓacin rai ba.

Washegari na kashe wayata a ƙofar makaranta, abin da ban taɓa yi ba, don na san masu ɗinki ba za su bar ni ba. Ta maiɗakina tana can ƙasan jaka, lasifika ta hana kowa jin komai. Na zauna a layin gaba. Da aka kira ’yata ta fito da allonta, kafin ta fara sai da ta ɗaga ido ta bi jama'a da kallo. Ta gan ni. Ta sake dubawa don ta tabbatar. Sannan ta yi bisimilla, kuma ban san haka muryarta take ba. Ina zaune cikin manyan mutane hawaye yana bin gemuna. Sai bayan an yi azahar an watse na kunna waya, na ga kira ya fi a ƙirga, duk daga gida.

Wannan ne nauyin da na zauna da shi a rumfar makoki. Na gaida kowa a cikin gida amma ɗakin Inna a bakin ƙofa nake tsayawa, in yi gaisuwa kai a ƙasa in juya. Ran sadakar uku, bayan an watse da hantsi, ta aiko a kira ni. Na same ta a kan tabarma da carbi, ta lulluɓa, idonta ya faɗa.

“Tela, guduna kake yi?”

“A'a, Inna.”

“Faɗa daidai.”

Na durƙusa, na kasa riƙe kaina. Na ce, “Inna, ya kira ni ban zo ba. Ban ɗauki makararsa ba. Ki faɗa mini tsakani da Allah, ya yi fushi?”

Sai na ga bakinta yana motsi, kamar mai son yin dariya tana jin nauyin takaba. Ta ce, “Me ya ce maka a wayar?”

“Ya ce gobe akwai ban ruwa.”

“Gobe wace rana?”

“Asabar.”

“Kai ɗan gidan nan ne kuwa? Yaushe ruwan layinmu ya taɓa zuwa ranar Asabar?”

Na ɗago kai. Litinin da Alhamis. Yaron da bai iya wanke hannu ba a garinmu ya san wannan, ni kuwa birni ya cinye ni har ban ji kuskuren ba.

Inna ta gyara zama ta ce, “Ai ya san da saukar tun sati biyu. Matarka ta kira ni, ta ce yarinyar tana cewa Baba ba zai zo ba, ko ya zo waya za ta fitar da shi. Malam yana kwance nan yana ji. Ran Juma'a ya ce in miƙo masa waya, in kuma ajiye masa sandarsa kusa. Na ce sandar me? Ya ce in yaron nan ya bar ’yarsa ya taho nan, da ita zan kore shi. Da na ji abin da ya faɗa maka na ce, Malam, ƙarya da furfura? Ya ce wa ya yi ƙarya, ai ban faɗi gonar ba.”

Na ce, “Tarin da na ji fa?”

“Wane tari? Dariya ce ta sarƙe shi, har sai da na ba shi ruwa. Ya ce, shekara arba'in ina ban ruwa a kan yaron nan, sai yau ya kama.” Ta share ido da gefen mayafi. “Da safe ya ce a fito da shi tsakar gida. Yana ta tambayata, an fara kuwa? Can da hantsi ya ce, yanzu dai tana karatu, uban yana zaune. Ya yi salati. Na shiga ɗauko masa kunu, na fito na tarar ya tafi.”

Ba zan ce ciwon ya warke ba. Har gobe ina jin zafin ban sa kafaɗata a makararsa ba, kuma sati ukun nan da na yi ina cewa zan leƙa, ba sauka ce ta hana ni ba, ni na zaɓa. Wannan nawa ne, zan ɗauka. Amma mutumin nan, da ƙafa a kumbure da numfashi a ƙirge, ya san ransa yana son ganina, ya duba ya ga akwai wadda ta fi shi bukata. Ranar da ta rage masa a duniya, jikarsa ya sakar wa.

Da Alhamis ta zo na rufe shago, na ɗauko ’yata muka tafi gona, don tumatirin Baffa yana tsaye, bai san mai shi ya tafi ba. Mun tarar da Baba Ƙarami ya riga mu, yana zaune a gindin mangwaro, bututu a jere a gabansa, bai taɓa tasa gonar ba. Yarinyar ta shimfiɗa tabarmar kakanta ta zauna tana karanta wa marigayin abin da bai samu ji ba. Da ruwa ya iso na cusa bututu, na toshe bakinsa da tafin hannu, na ja. Sau uku yana kuɓuce mini, hannun tela ya manta. A na huɗu ya kama. Baba Ƙarami ya ce, “To, ɗana, wanne za a fara buɗe wa?” Na nuna masa na bakin kanal.

Allah ya jiƙanka, Baffa, ya yafe maka, ya shayar da kai ka ƙoshi a inda ba a rufe ruwa.